Ya Mai Jiki? To, Ya Mai Jinya?

 Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya saukar da cuta Ya kuma saukar da magani. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabin rahama, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Akwai wata hikima a cikin harshen Hausa da ba a cika lura da ita ba. In aka ce maka wance tana jinya, sai ka sake tambaya kafin ka gane: ita ce ba ta da lafiya, ko kuwa wani take kula da shi? Kalma ɗaya ta haɗa wanda ke kwance da wanda ke zaune a gefensa, kamar magabata sun san cewa ciwo in ya shiga gida mutum biyu yake kamawa. Amma dubi gaisuwarmu. In mun je dubiya, mai jinyar muke kallo mu ce, "Ya mai jiki?" Ita kuma ta ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Daga nan magana ta ƙare. Ba kasafai ake samun wanda zai tambaye ta yaushe rabonta da barci ba, ko me ta sa a cikinta tun safe.

Ra'ayina a wannan rubutu guda ɗaya ne, ya ɗan'uwa mai karatu. Hutun mai jinya haƙƙi ne da Musulunci ya tabbatar, kuma samar masa da wannan hutu nauyi ne a kanmu mu da ke kewaye da shi. Yadda muke barin mutum ɗaya ya ƙare a bakin gadon majinyaci, sannan mu yabe shi da haƙuri, zalunci ne da muka sa wa rigar addini.

Su wa nake nufi?

Kashi biyu ne. Na farko su ne ma'aikatan jinya da ungozomomi da jami'an lafiya na ƙananan asibitoci. Duk wanda ya san ƙasarmu ta Sanyinna da Dogon Daji da Jabo, har ya zuwa Kebbe da Kuchi, ya san cewa a asibitin karkara sau da yawa nas ɗaya ce likita, ita ce mai karɓar haihuwa, ita ce mai rubuta kati, wani lokaci da fitilar waya take neman jijiyar yaro cikin dare. Shekararta ba ta da lokacin sarari. Da bazara, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, ana fargabar sanƙarau. Da damina ta sauka sai zazzaɓin cizon sauro ya cika gadaje da yara, ga amai da gudawa. A 2017 sanƙarau ya kama mutum fiye da 14,000 a Nijeriya, sama da 1,100 suka rasu, kuma Zamfara da Sakkwato da Katsina ne suka fi jin jiki. A 2021 kwalara ta kama mutum fiye da 100,000 a ƙasar nan, sama da 3,500 suka riga mu gidan gaskiya. Mun ƙidaya waɗanda suka kwanta da waɗanda suka rasu. Waɗanda suka tsaya a kansu dare da rana kuwa ba su shiga lissafin kowa ba.

Kashi na biyu ya fi yawa, kuma ba shi da albashi ko farar riga. Ita ce 'yar fari da ta baro ɗakin mijinta ta tare a ɗakin mahaifiyarta da ɓarin jiki ya shanye. Ita ce uwar yaro mai sikila, wadda ta haddace hanyar asibiti kamar hanyar gidansu. Shi ne saurayin da ya ajiye kasuwarsa ya bi mahaifinsa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo don wankin ƙoda. A tsarin asibitocinmu mai jinya ne ke sayo magani, ya kai jini ɗakin gwaji, ya nemo mai ba da jini, ya wanke kayan da suka ɓaci, ya juya majinyaci don kada bayansa ya yi gyambo, sannan ya shimfiɗa tabarma a baranda ya kwana sauro na cizonsa. In a gida ne kuma, ga girki ga 'yan dubiya da za a tara a sallama. Ciwon kwana uku kowa na iya ɗauka. Amma shanyewar ɓarin jiki da ruɗewar tsufa shekaru suke ɗauka, kuma a wata na biyu ƙafar dangi take ɗaukewa.

Gajiyar da barcin dare ɗaya ba ya maganinta

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wannan yanayi cikin kundinta na rabe-raben cututtuka, a matsayin matsalar da ke tasowa daga matsin aiki mai tsawo wanda ba a shawo kansa ba. Ta ba shi alamomi uku: ƙarfin mutum ya ƙare ƙat, zuciyarsa ta yi nisa da aikin har ya riƙa jin haushinsa, sannan ingancin aikin nasa ya ragu. Ni dai da fitilar da ta shanye mai nake kwatanta shi, har ta koma cin lagwaninta.

Alama ta biyu ce nake so mu tsaya a kanta, domin ita muke gani mu yi Allah wadai ba tare da mun tambayi asalinta ba. Kowa na da labarin nas mai tsawa, wadda ta daka wa mai naƙuda magana mai zafi. Ba na kare wannan hali. Wulaƙanta majinyaci laifi ne, kuma wadda ta aikata za ta amsa tambaya a gaban Allah. Sai dai da yawa daga cikin waɗannan mata ba da busasshiyar zuciya suka shiga makarantar koyon jinya ba. Wadda ta rufe idon yara uku a mako ɗaya, ba a ba ta ko yini guda ta yi kuka ba, zuciyarta kan yi kanta kamar tafin hannun manomi, don ta iya komawa aiki gobe.

Abin bai tsaya kan ita kaɗai ba. A 2002 Linda Aiken da abokan aikinta na Jami'ar Pennsylvania a Amurka sun wallafa binciken da suka yi a asibitoci 168. Sun gano cewa duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa nas a kan waɗanda take kula da su, haɗarin mutuwar majinyatan da aka yi wa tiyata cikin kwana 30 na ƙaruwa da kashi 7 cikin 100, haɗarin ƙarewar ƙarfin ita nas ɗin kuma na ƙaruwa da kashi 23. Tun kafin nan, a 1997, wasu masana biyu a Ostareliya, Dawson da Reid, sun nuna cewa wanda ya yi awa 17 bai runtsa ba, saurin hankalinsa da daidaiton hannunsa na raguwa kamar na wanda ya kurɓi giya. Ka yi tunani, ya ɗan'uwa. Babu Musulmin da zai yarda mashayi ya auna wa ɗansa allura. Amma muna miƙa ɗan ga baiwar Allah da ta yi kwana biyu a tsaye, mu kuma ji haushi in ta nemi ta kishingiɗa.

Me addini ya ce?

Jinya tana da asali mai daraja a Musulunci. Rufaida Al-Aslamiyya (RA) ta kafa tanti a masallacin Madina tana jinyar waɗanda suka ji rauni, kuma a nan Manzon Allah (SAW) ya sa aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu bayan kibiya ta same shi a yaƙin Khandaƙ, a shekara ta 5 bayan hijira. Sayyidina Usmanu ɗan Affan bai halarci Badar ba saboda yana jinyar matarsa Ruƙayya, 'yar Manzon Allah, amma aka ba shi rabonsa na ganima, aka kuma yi masa albishir da ladan wanda ya halarta. Matasa maza su lura: namiji ne wannan, kuma matarsa yake jinya. A nan ƙasarmu ma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, duk da nauyin mulki ya zauna ya rubuta littattafai kan magani, har da na ciwon ido da na basir.

To addinin da ya ɗaukaka jinya haka, shi ne kuma ya hana mutum ya halaka kansa a cikin aikin alheri. Bukhari ya ruwaito cewa Salmanul Farisi ya ziyarci ɗan'uwansa Abud Darda'i ya tarar ya duƙufa ga azumi da tsayuwar dare har ya yi watsi da iyalinsa. Salmanu ya ƙi cin abinci sai Abud Darda'i ya ci tare da shi, ya kuma hana shi tashi salla sai ƙarshen dare, sannan ya tunatar da shi cewa bayan haƙƙin Ubangiji akwai na ransa da na iyalinsa, kowanne kuma sai an biya. Da labari ya isa ga Manzon Allah (SAW) sai ya gaskata Salmanu. Wata rana kuma ya shiga masallaci ya ga igiya an ɗaura tsakanin ginshiƙai biyu. Aka ce ta Nana Zainab ce, in ta gaji a salla sai ta riƙe ta. Ya sa aka kwance igiyar, ya yi umarni mutum ya yi nafila gwargwadon kuzarinsa, in ya gaji ya zauna. Haka ya umarci mai gyangyaɗi a salla ya je ya yi barci, don kada ya nufi neman gafara ya ɓuge da zagin kansa.

In har salla, wadda take ganawa ce da Ubangiji, an ce a dakata da nafilarta saboda gyangyaɗi na kawo kuskure, me za a ce da auna magani ga jariri?

Malaman fiƙihu sun gane wannan. A mazhabarmu ta Malikiyya, Mukhtasar na Shaihu Khalil ya lissafa jinya cikin uzurorin da ke halatta barin Juma'a da jam'i, kuma an ruwaito Abdullahi ɗan Umar ya bar Juma'a ya tafi wurin Sa'idu ɗan Zaidu da ciwonsa ya tsananta. Ƙarshen Suratul Baƙara ya tabbatar mana cewa Allah ba Ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. Mu ne muke ɗorawa.

Wani zai ce

Na san akwai mai cewa wannan zancen kula da kai na Turawa ne, son rai ne aka canja wa suna. Zai kawo yabon da Suratul Hashri ta yi wa mutanen Madina da suka fifita wasu a kan kansu alhali suna cikin buƙata, ya kawo wasiyyar Suratul Isra'i game da iyaye in sun tsufa. Zai ce uwar da ta yi shekara biyu tana shayar da kai ba ta nemi hutu ba, don me kai za ka nema?

Maganar tana da nauyi, kuma ban raina ta ba. Gaskiya ne akwai masu fakewa da "ina da uzuri" su watsar da iyayensu, kuma ba su nake wa wannan rubutu ba. Amma a duba ayar Isra'in da kyau. Ta hana ɗa ya furta ko da ƙaramar kalmar ƙosawa ga iyayensa. Wa ya fi kusa da furta ta? Wanda ya samu barci ya zo da sakin fuska, ko wadda ta yi wata uku ba ta yi barcin awa huɗu a jere ba? Da yawa daga 'ya'yan kirki sun daka wa tsohuwarsu tsawa a tsakar dare, sannan suka koma bayan ɗaki suna kuka, suna ganin sun zama 'yan wuta. Ba rashin tarbiyya ne ya kai su ba. Jiki magayi ne, kuma an bar su su kaɗai. Fifita wani a kan kai yana nufin ka ba da abin da ka mallaka, kamar abincinka da kuɗinka da lokacinka. Lafiyar jikinka da hankalinka kuwa amana ce a hannunka, kuma ita ce jarin da majinyacin ke ci. Ran da mai jinya ta faɗi, gida ya koma da majinyata biyu babu mai tsayawa.

Batun uwa mai shayarwa kuma, a tuna cewa al'adarmu ba ta taɓa barin mai jego ita kaɗai ba. Akwai mai dafa mata ruwan wanka, akwai mai dama kunun kanwa, har gida ake mayar da mai haihuwar fari don ta samu mataimaka. Mun san mai jego na buƙatar kwana arba'in na tallafi. Me ya hana mu san haka ga mai jinyar shekara uku?

Haka nan faɗin damuwa ba ya warware haƙuri. Nana Faɗima (RA) ta je neman mai taimaka mata saboda dutsen niƙa ya yi wa hannunta illa. Mahaifinta (SAW) bai zarge ta da raki ba. Ya tako har gidanta, ya zauna tsakaninta da Sayyidina Ali, ya koya musu tasbihi 33 da tahmidi 33 da kabbara 34 lokacin kwanciya. Shi kansa ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, ya bayyana cewa wannan rahama ce. Abin da aka hana shi ne fushi da hukuncin Allah. Cewa "na gaji, ku taimake ni" ba ya cikin wannan.

Zuwa ga mai jinya

'Yar'uwa, ko ɗan'uwa, ga abin da nake ganin zai yiwu ko da a cikin ƙunci.

Ki ɗauki barci a matsayin wani ɓangare na aikin. In majinyaci ya samu barci da rana, ki bar wanki ki yi ƙailula, ko ta minti ashirin ce. Ki ci abinci a zaune, ki sha ruwa sosai musamman a bazara. Nana A'isha (RA) takan sa a dama talbina, wani kunu na garin sha'ir, ga marar lafiya da wanda aka yi wa rasuwa, saboda ta ji daga Manzon Allah cewa yana kwantar da zuciya. Ashe kofin kunu mai ɗumi ma yana da gurbi a sunna.

Ki nemi taimako da suna da lokaci. "Ku riƙa leƙowa" ba ta kawo kowa. Ki ce, "Yaya, daren Talata da na Juma'a naka ne." Ki riƙe sallolin farilla a matsayin wurin numfasawa sau biyar a yini, ki tambayi malami rangwamen da shari'a ta yi miki a lokutan matsi, kada ki ɗora wa kanki laifin nafilolin da suka kuɓuce. Ki lazimci addu'ar nan da Anas ɗan Malik ya ce Manzon Allah na yawan yi, ta neman tsari daga damuwa da baƙin ciki da gajiyawa da nauyin bashi. Ki samu mutum ɗaya amintacce da za ki riƙa faɗa wa abin da ke ranki. Ma'aikatan asibiti kuma, in an yi rashi mai taɓa zuciya, ku zauna ko na minti biyar ne ku yi wa juna ta'aziyya kafin ku koma ɗaki na gaba. Ku guji shan ƙwayoyin hana barci ko na kashe gajiya ba bisa ƙa'ida ba, don ta nan da yawa suka faɗa ramin da ya fi na farko zurfi.

In kuwa baƙin ciki ya wuce mako biyu bai saki ba, abinci ya fita rai, barci ya ƙaurace ko da an samu dama, ko zuciya ta fara raya miki cewa mutuwa ta fi, to wannan ciwo ne mai magani, a gaggauta ganin likita. Akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Kware, kuma zuwa can ba ya nufin hauka. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne.

Zuwa gare mu

Kada a fahimce ni cewa da tasbihi da kunu za a rufe ɓarakar da hukuma ta bari. A farkon 2024 Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya ta bayyana cewa ma'aikatan jinya kimanin 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Aikin duk wadda ta tafi Ingila ko Saudiyya yana komawa kan wadda ta rage. A ƙarshen Yulin 2025 ƙungiyarsu ta shiga yajin aikin gargaɗi, kuma cikin buƙatunta akwai gyara alawus da ɗaukar ƙarin ma'aikata. Tun 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su riƙa ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya, gwamnatin tarayya kuwa ba ta cika shi ba. A hadisin Abu Zarri, Manzon Allah (SAW) ya hana a ɗora wa na ƙasa aikin da ya fi ƙarfinsa, in kuma an ɗora to a kama masa. Wannan hukunci yana kan gwamna da shugaban ƙaramar hukuma da shugaban asibiti, kamar yadda yake kan maigida.

Amma akwai abin da ba sai mun jira gwamnati ba, kuma ku matasa ne za ku iya shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In ciwo ya shiga gidanku, ku yi amfani da zauren WhatsApp na dangi ku tsara karɓa-karɓa: wane da dare, wance da rana, wanda ke Legas ko Abuja ya ɗauki kuɗin magani. Kada a bar wa mace ɗaya don kawai ita ce ba ta iya cewa a'a. Ɗa namiji ya yi wa mahaifinsa wanka da kansa, ba abin kunya ba ne. In kun je dubiya ku taƙaita zama, ku zo da abinci maimakon a girka muku. Ƙungiyoyin matasa na masallatai da 'yan agaji, waɗanda ke tsayuwa a rana wajen tafsiri da idi, su ware mutum biyu-biyu da za su riƙa karɓar masu doguwar jinya a unguwa ko da yini ɗaya a mako. Masu ba da zakka da waƙafi su tuna da wanda jinya ta raba da sana'arsa. In kuma kun shiga asibiti kun tarar da nas a tsaye tun jiya, ku sassauta murya, ku yi mata sannu da aiki. Kalma ce ƙarama, amma wata ta yi wata guda ba ta ji ta ba.

Rai dangin goro ne, sai ana ba shi iska. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Ya saka wa masu jinyarsu da mafificin alheri, Ya sanya gajiyarsu a mizani, Ya kuma ba mu ikon karɓar su tun kafin su faɗi. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, Shi ne kuma Mafi sani.